Hunturu ya shigo: wa zai fara duba wayoyin lantarkin layinmu na kasuwa?

Sakataren Layi: Assalamu alaikum jama'a. Shugaba ya ce in buɗe maganar nan a zaure tun kafin zaman ranar Lahadi, don kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Hunturu ya shigo, iska ta fara kaɗawa, komai ya bushe ƙamas, mu kuma kayanmu atamfa ce da shadda da leshi da leda. Shawarar da ke gabanmu ita ce a haɗa kuɗi a kira mai wayarin ya bi shago-shago, sannan a sayi tukwanen kashe gobara a rataye a layi. Akwai kuma maganar teburan da ke bakin hanya. Bisimilla.

Alhaji Mai Shadda: Wa alaikumus salam. Sakatare, ni fa ban ƙi ba, amma a faɗi gaskiya. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone cikin dare, shaguna sama da 3,000 suka tafi. Tukunyar kashe gobara nawa ce za ta tare wannan? A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu, ta Katsina ta biyo baya a Maris. A Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, Monday Market ta Maiduguri ta zama toka. Duk waɗannan mutanen sakarkaru ne? Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Kuma aikin hukuma ne ta tanadi motoci da ruwa, haraji muke biya.

Injiniya Mai Wayarin: Ranka ya daɗe Alhaji, ba wanda ya ce sakarkaru ne, Allah ya mayar musu da alheri. Amma wutar da ta cinye shago dubu ba da girmanta ta faro ba. A wuri ɗaya take farawa, sau da yawa wurin bai fi tafin hannu ba. Bari in faɗa muku abin da idona ke gani idan na buɗe silin a kasuwa. Waya ce sirirya wadda aka yi don ƙwan fitila, mai kauri 1.5, an ja ta zuwa soket, an jona firji da fanka da dutsen guga. Soket waya mai 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki kuwa layinta daban ake ja mata da waya mai kauri. Sai kuma haɗi: an murɗe waya biyu da hannu, an naɗe da leda ko salatif ɗin takarda. Duk inda haɗi ya yi sako-sako zafi yake yi, robar ta narke a hankali, ta yi baƙi, wata rana ta yi tartsatsi. A ƙarƙashinta kuma dilolin atamfa ne an jera har sun taɓo silin.

Ga kuma wayar bogi da ta cika gari. A ido jan ƙarfe ce, ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki, sanholo ne aka yi wa fenti. Ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta.

Hajiya Mai Leshi: Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ni tambayata: me ya sa gobarar kasuwa ta fi son dare? Da rana ai an fi kunna kaya.

Injiniya Mai Wayarin: Hajiya, da rana akwai hanci da ido. Waya ta fara ƙauri wani zai ji, a kashe. Da dare kuwa ga yadda abin yake: an ɗauke wuta da la'asar, yaro ya bar dutsen guga ko hita a jone, ya manta saboda ba wuta, aka rufe shago aka tafi. Ƙarfe ɗaya na dare a kawo wuta. Dutsen guga ya yi ta ci a kan tebur ba mai gani. Wani lokacin kuma wutar ce ke zuwa da ƙarfi fiye da ƙima. Idan wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta katse a layin wuta mai fes uku, wutar da ya kamata ƙarfinta ya tsaya a volt 230 tana iya haurawa kusa da 400 a wasu shagunan, duk abin da ke jone sai ya ƙone. Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma ba ya cin ko sisi: a kashe babban makunni kafin a sa kwaɗo. Ba soket ba, babban makunnin shagon gaba ɗaya.

Ɗan Autan Layi: Yallaɓai, mu yaran shago mu ake ɗora wa laifi kullum. Amma akwai shagon da babban makunninsa yana bayan kaya, sai ka sauke dila biyar kafin hannunka ya kai. Wani shagon ma babu shi sam, daga sandar wuta kai tsaye aka jawo. Kuma idan fis ya ƙone, maigida ne da kansa zai ce a sa waya mai kauri don kada ya sake ƙonewa.

Injiniya Mai Wayarin: Auta ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Fis an yi shi ne don ya ƙone. Shi ne ke mutuwa a madadin shagon. Ranar da ka cire shi ka sa waya mai kauri, ka ce wa wutar ta je ta nemi wani wurin da za ta ƙona, kuma wayar cikin silin za ta samu. Haka birka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa: idan tana yawan faɗuwa, kaya ne suka yi yawa ko akwai matsala a layin, ba a canza ta da babba. Soket ɗaya na bango amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. Dutsen guga da butar lantarki kaɗai sun isa su cinye wannan, amma sai ka ga an jona abin ƙarin soket a kan wani abin ƙarin soket, an cika su taf.

Alhaji Mai Shadda: Duk na ji. Amma ku bar kare hukuma. Ni da idona na ga motar kwana-kwana ta zo gobara, ba a yi minti goma ba ta ce ruwa ya ƙare.

Baba Ritaya: Salamu alaikum. Ɗana ne ya sa ni a zauren nan, shi ke da shago a layinku. Na yi aikin kwana-kwana har na ajiye, don haka Alhaji bari in ba ka amsa, ba don in kare kowa ba. Gaskiya ne motoci sun yi kaɗan, gaskiya ne kayan aiki ba su isa ba, mun sha faɗa tun muna cikin kaki. Amma maganar ruwa, mutane ba su gane ta ba. Tankin mota lita 'yan dubbai ne, idan aka buɗe mesa da ƙarfi cikin 'yan mintoci ya ƙare. A ko'ina a duniya haka yake. Abin da ake yi shi ne mota ta iso ta jona da famfon gobara na bakin titi ko babban tanki na wurin, ta ci gaba da feshi. A kasuwanninmu ina famfon? Inda aka taɓa yin sa, wani ya gina shago a kai. Dole mota ta juya ta tafi ɗebo ruwa, kafin ta dawo wuta ta tsallaka layi biyu. Mutane kuma su bi mu da jifa, suna cewa mun zo ba ruwa.

Abin da ya fi ruwa ci mana rai shi ne hanya. Ka iso bakin kasuwa cikin dare, ƙofa a kulle, mai makulli yana gida. A fasa. Ka shiga, ka tarar hanyar da aka zana don mota ta koma ta mutum ɗaya: tebur a dama, tebur a hagu, kwantena a tsakiya, an yi rumfar leda a sama. Kana hango wuta, kana jin zafinta a fuskarka, mesa ba ta kai ba. Ga 'yan kallo dubu, ga masu wawaso. Wallahi na ga abokan aikina suna hawaye a irin wannan hali.

Sannan a daina jinkirin kira. Sai an gama gwada bokiti an gaza ake tuna mu. Wani ya kira tun a minti na farko, sauran su ci gaba da ƙoƙari. Ko mun zo mun tarar an kashe, ba ma karɓar ko kwabo. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112, sannan ku je ofishin kwana-kwana mafi kusa ku karɓi lambarsu ku rubuta da fenti a bangon layi, mai gadi ma ya sa a wayarsa.

Hajiya Mai Leshi: Allah sarki Baba. Allah ya saka muku, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki.

Mai Tebur: To ga shi an zo kanmu. Tun da Sakatare ya ce "teburan bakin hanya" na san inda za a sauka. Jama'a, ni ba da ƙarfi na kafa teburin nan ba. Kuɗi nake biya duk wata, kuma wasu daga cikin masu shagon da ke zauren nan su ke karɓa, don gaban shagonsu ne. Da teburin nan nake ciyar da iyali da mahaifiyata. Idan an ce in tashi, ina za ni? Mai shago yana da sito a sama, ni leda ce rufina. Kullum idan za a gyara, a kan talaka ake farawa.

Sakataren Layi: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ba wanda ya ce a kore ka. Kuma maganar da ka faɗa ta karɓar kuɗi gaskiya ce, kowa ya sani.

Baba Ritaya: Ɗana mai tebur, ban ce ka bar neman abincinka ba. Abin da mota ke buƙata faɗi ne da za ta wuce, da sama a buɗe. Tebur mai naɗewa wanda ake ɗaukewa da yamma a jingine a bango bai hana mu aiki ba. Wanda ke hana mu shi ne wanda aka kafe da siminti, da kwantena, da rumfar da aka haɗe wannan gefe da wancan. Rumfar ledar nan ita ce gadar da wuta ke bi ta tsallaka daga layi zuwa layi. Kuma ka tuna, in wuta ta tashi kayanka ne a fili, su za ta fara lasa.

Mai Tebur: In dai naɗewa ne da yamma, wannan mai yiwuwa ne. Amma wa zai biya kuɗin sabon tebur? Kuma kwantenar da ke bakin layi ba ta talaka ba ce, kowa ya san mai ita. A fara da ita mu gani.

Liman: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, ba musulmin da zai musa. Amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Bai tsaya a kan cewa ƙaddara ce ba, umarni ya bayar. Sannan akwai haƙƙin maƙwabci. Shagunanmu bango ɗaya ne, silin ɗaya ne. Wanda ya san wayarsa ta lalace ya ƙi gyarawa, ba dukiyarsa kaɗai ya sa a haɗari ba, har da ta marayun da aka ba wani amana yake juyawa a shagon gefe.

Alhaji Mai Shadda: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. A duba nawa shagon ma. Amma ina nan a kan bakata cewa hukuma ta gaza, kuma in an je zaman Lahadi sai an rubuta takarda a kan tankin ruwa.

Baba Ritaya: Wannan kam ina bayanka, Alhaji. Ku nemi rijiyar burtsatse da babban tanki mai bakin da mesar kwana-kwana za ta shiga. Ku kira su su gwada bakin kafin a biya mai aiki.

Maman Hanan Tela: Ni ba a kasuwa nake ba, shagon ɗinki gare ni da yara mata masu koyo, amma a layinku nake sari. Abin da ke damuna ƙofa ne. Shagunan ɗinki da yawa ƙofa ɗaya ce, tagogi duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, janareta kuma a bakin ƙofar yake da jarkar fetur a gefensa. Lokacin ɗinkin sallah ana kwana ana aiki, a ja ƙofa a kulle ta ciki. Idan injin nan ya kama, ta ina za a fita? Ƙanwata ta yi aiki a wata masana'antar leda, ta ce aikin dare daga waje ake kulle su don kada a saci kaya, mai gadi ya tafi da makulli. Na hana ta komawa.

Baba Ritaya: Kin yi daidai, 'yata. Kulle ma'aikata ya kashe mutane da yawa a duniya. A birnin New York na Amurka, a 1911, ma'aikata 146 suka mutu a wata masana'antar ɗinka riguna, yawancinsu 'yan mata, saboda an kulle ƙofa. A 2012 an sake yin irinta a Karachi ta Pakistan, sama da mutum 250, tagogi da ƙarfe, ƙofofi a rufe. A shekarar dai a Bangaladash sama da 100 suka tafi a masana'antar tufafi. Dokar masana'antu ta Najeriya ta hana a kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa nan take ba muddin akwai ma'aikaci a ciki. Ke kuma a shagonki, ki sa maƙeri ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa, makullin a rataye a jikin bango kusa da ita, kowace yarinya ta san wurin. Janareta ya koma nesa da ƙofa, a waje inda iska ke bugawa, don hayaƙinsa ma kisa yake ba tare da an ji wari ba. Kuma kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Ba ruwan fetur ɗin ke fara kamawa ba, tururinsa ne, yana bin ƙasa har ya sami tartsatsi.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Maraɗi, ni ma abokin cinikinku ne. Mu nan abin da ba za mu manta ba shi ne azuzuwan zana. A Afrilun 2021 yara wajen 20 suka ƙone a wata makaranta a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aka yi a nan Maraɗi, yara fiye da 20. Zana busasshiya, ƙofa ɗaya, iska na kaɗawa. Duk wurin da mutane ke taruwa, a fara tambayar ta ina za a fita. Lambar 'yan kwana-kwana a wajenmu 18 ce, ga masu zuwa sari nan.

Hajiya Mai Leshi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa masu ceto ne. Baba, to tukunyar da za a saya, wace iri? Ni akwai wata ja a shagona tun da na karɓi shagon, ban taɓa taɓa ta ba.

Baba Ritaya: Hajiya, gobe ki duba agogon da ke wuyanta. In allurar tana kan kore akwai iska, in ta sauka fanko ce. Ki duba takardar da ke jikinta ki ga yaushe aka yi mata sabis, duk shekara ya kamata. Don layinku ku sayi mai hoda, ita ke cin yadi da fetur da wutar lantarki duka. Mai iskar kabon ta fi dacewa da wurin kwamfuta da inbata don ba ta ɓata kaya, amma ba ta da ƙarfi a kan dilar yadi, wuta na iya sake tashi daga ciki. Yadda ake aiki da ita: ka zare fil, ka riƙe mesa ka saita gindin wutar, ba harshenta ba, ka matsa, ka rinƙa kaɗawa dama da hagu. Ƙofa ta kasance a bayanka. Ku sani tukunya mai kilo 6 ba ta kai rabin minti tana feshi, don haka ta wutar da ta fara ce. In ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ko hayaƙi ya cika ɗaki, a fita, a duƙa ƙasa-ƙasa don hayaƙi sama yake bi, kuma shi ya fi kashe mutane kafin wutar ta iso. Kada wanda ya koma ɗauko kuɗi.

Ruwa kuma ba a zuba shi a kan wayar da ke da wuta, ba a zuba shi a kan fetur ko man suya. Ku ajiye bokitan yashi. Masu abinci na ƙarshen layi da ke aiki da gas: in an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ana gwada yoyo da ruwan kumfa, ba da ashana ba.

Anti Nas: In ƙara ɗaya daga ɓangarenmu na asibiti. Don Allah in mutum ya ƙone a daina fasa masa ƙwai, a daina shafa man goge baki ko manja ko gishiri. Sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, kuma suna jawo ruɓewa. Ruwa mai sanyi na famfo za a yi ta kwararawa a wurin kamar minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa ƙurajen ruwan. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a kawo shi. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo.

Ɗan Autan Layi: Injiniya, sola fa? Yanzu rabin layin nan batir ne da inbata a ƙarƙashin kanta, kuma su ba a kashe su da dare.

Injiniya Mai Wayarin: Tambaya mai kyau. Batir ba ya jiran a kawo wuta, wutarsa na cikinsa dare da rana. Dole a sa fis ko birka tsakanin batir da inbata, wayar ta zama mai kauri, a ɗaure kawunan da kyau. Kada a tura su cikin kaya inda ba iska. Batirin da ya kumbura ko yake zafi ba dalili a fitar da shi waje ranar. In zan bi shaguna, har su zan duba.

Hajiya Mai Leshi: Ni kuma ina so a tattauna takaful, wato inshorar Musulunci. Bayan kowace gobara sai dai a zo jaje, a yi alƙawarin tallafi, wanda ya samu bai kai kuɗin dila ɗaya ba.

Alhaji Mai Shadda: Hajiya, wannan sai Malam ya yi mana bayani a zaune, ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da inshora kowace iri ba.

Liman: In sha Allahu ranar Lahadi. Ku zo da takardar sharuɗɗansu mu karanta tare, ba na son in yi magana a kan abin da ban gani ba.

Sakataren Layi: To madalla. Injiniya zai fara bin shaguna ranar Asabar da safe, daga bakin layi, kowa ya matsar da kaya daga gaban makunninsa kafin ya iso. Baba Ritaya ya amince zai nuna wa yaran shago da masu gadi yadda ake aiki da tukunya bayan la'asar a filin ajiye motoci. Hajiya, ki zo da taki a gwada ta a can. Takardar tanki Alhaji zai rubuta.

Mai Tebur: Sakatare, ba ka ambaci kwantena ba. A sa ta a ajandar Lahadi da sunanta, kuma a bar mu masu tebur mu turo mutum biyu su zauna a zaman.

Sakataren Layi: Na rubuta. Ku turo sunayensu kafin Juma'a.